Sha Biyu Ta Babba Ce

A layin da ke bayan kasuwa, tsakanin shagon aski da shagon tela, akwai wani ɗan shago mai ƙofar ƙarfe wadda ba ta buɗuwa sai an taimaka mata da gwiwa. A nan wani dattijo ya ƙarar da ƙarfinsa yana gyaran sikeli. Mutanen layin ba sa kiransa da sana'arsa. Koci suke ce masa, ko da yake babu wanda ya taɓa ganin ya horar da wani abu mai numfashi.

Tun yana yaro yake son ƙwallo. Ƙwallon ce dai ba ta mayar masa da son ba. Yakan ce gwiwa ce ta hana shi yin suna, kuma waɗanda suka san gwiwar a lokacin yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, ragowar kuma mutane ne masu kara. Da fili ya ƙi shi, sai kawunsa ya ja shi shago ya koya masa aikin awo. Ya iya aikin ƙwarai. Zai ɗora sikeli a kan benci, ya kwance shi, ya goge tsatsa, ya ɗan shafa zarto a inda ya dace, ya zuba mai, sannan ya ja baya ya zuba wa allurar ido har ta tsaya cak a tsakiya. Mahauta da masu sayar da hatsi sun sha raɗa masa a kunne cewa ya bar allurar ta ɗan jingina gefe guda, ba da yawa ba. Shi kuwa sai ya miƙa wa mutum kayansa, ya nuna masa ƙofa da haɓa. Wannan ya sa bai yi arziki ba, amma ana gaishe shi da hannu biyu.

Aikin ya bar masa aƙida biyu. Ta farko, duk awon da ya karkace, laifin yana cikin ƙarfe. Ta biyu, babbar lamba ta fi ƙarama nauyi. A shagon sikeli babu mai musun ko ɗaya daga cikinsu.

Wasan kuwa shi ya ƙirƙiro shi, lokacin yana da sauran baƙin gashi. Ya samo wani faffaɗan katako, ya shafe shi da koren fenti, ya ja layuka da fari, ya lanƙwasa waya ya yi raga biyu. 'Yan wasa marafan kwalba ne, kowace ƙungiya da launinta. Ƙwallon wani ɗan maɓallin riga ne da Tela ya bayar, kuma har yau yana ambaton kyautar. Dokar ba ta da wuya. Mutum zai kaɗa ɗan ludo ɗaya a gwangwani ya zubar, ya matsa da ƙwallo gaba gwargwadon ɗigon da ya fito. Idan ya isa bakin raga, sai ya haɗa 'ya'yan ludo biyu, fari da ja, ya jefa, a haɗa ɗigonsu. Kowa yana da lambarsa ta ci. In jimillar ta yi daidai da lambarka, ƙwallo ta shiga. In ba ta yi ba, gola ya kama. Ba a sa ko sisi, saboda haka ba caca ba ce, kuma Koci ya sha bayyana wa matarsa hakan. Abin da ake nema kofi ne, wani tsohon kofin silba mai hannu biyu, ɗaya a karkace.

Ranar da aka zo rabon lambobi babu wanda ya yi dogon tunani, domin mutane ne masu tarbiyya. 'Ya'yan ludo biyu ba sa wuce sha biyu, don haka sha biyu ita ce babba, kuma babba ta babba ce. Koci ya girmi kowa, aka ba shi. Direba, wanda ya yi shekaru yana jan babbar mota kafin bayansa ya ce ya gaji, ya karɓi sha ɗaya. Tela ya karɓi goma, Mai Aski tara. Ƙaraminsu, wani makanike mai yawan dariya, aka ba shi takwas, aka ce ya yi haƙuri, wata rana zai girma.

Sha biyu ba ita kaɗai take zuwa ba. Mai ita ne ke zama a kujera mai makari, wadda ke daidai saitin fanka. Shi ake fara zuba wa shayi. Shi ke yanke hukunci in gardama ta tashi, kuma maganar mai kujera ita ce ta ƙarshe. Shi ne kuma ke goge kofi a ƙarshen kowace gasa ya miƙa wa wanda ya ci. Mai ƙaramar lamba kuwa a kan kifaffen bokiti yake zama kusa da ƙofa, kuma shi ke rarrafawa ƙarƙashin benci in ɗan wasa ya gangara.

Koci ya goge kofin nan har hannun da ke karkace ya fara sheƙi. Bai taɓa kai shi gida ba.

Makanike ne ke kai shi, kusan kullum. In ya yi tuntuɓe, Mai Aski ya ɗauka. Tela yakan taɓa jefi-jefi. Direba ya taɓa ci sau ɗaya, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi a gidan suna ko wurin gaisuwa ya ji labarin. Koci kullum shi ne a ƙasa, yana riƙe da sauran kamar yadda ƙafar benci ke riƙe da benci.

An yi bayanin wannan al'amari ta hanyoyi da dama, domin majalisar ba ta rasa masana ba. Direba ya ce sirrin yana wuyan hannu, kamar juya sitiyari. Tela ya ce Makanike yana da idon karanta fili. Mai Aski, wanda bakinsa ya fi almakashinsa sauri, ya ce Koci yana yi wa gwangwani kaɗin tsoro ne, kamar mai kaɗa maganin tari.

Shi Koci bai yarda da ko ɗaya ba. Ya san inda laifi yake zama. Ya ɗora 'ya'yan ludon a kan ɗan ƙaramin sikelin masu zinariya, ya tarar nauyinsu ɗaya. Ya auna kowace fuska da ma'aunin kauri. Ya ga wata kusurwa ta ɗan cinye, ya jefar da su ya sayo sababbi, ya auna, ya shafa musu zarto kaɗan don a tabbata. Ya sa ma'aunin ruwa a kan katakon, ya cusa takarda ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Ya sauya gwangwani. Ya taɓa kashe fanka ana tsananin zafi don kada iska ta sa baki, har Direba ya ce in haka ne shi zai koma gida ya mutu a gaban iyalinsa.

Da ƙarfe ya fita daga zargi, sai ya koma kan 'yan wasa. Duk marfin kwalbar da ya isa bakin raga ya kasa, sai Koci ya ɗaga shi sama ya yi masa magana a hankali, irin maganar da ta fi zagi ciwo, sannan ya jefa shi cikin wani tsohon gwangwanin fenti a ƙarƙashin benci. Gwangwanin ya cika da korarrun 'yan gaba. Matarsa ta daina mamakin yadda lemon kwalba ke rasa marfi a gidanta. Ta dai ce masa wata rana, "Malam, in ka gama korarsu ka bar min na man gyaɗa, shi bai yi maka komai ba."

Da Makanike ya rasu, majalisar ta yi baƙin ciki na gaske. Koci ya yanke hukunci cewa an jingine lamba takwas, babu mai sake riƙe ta, don girmama mutumin da Allah ya ba basirar ƙwallo irin wadda ba a koya. Kowa ya ce daidai ne. A ransa kuma, ba tare da ya faɗa wa kowa ba, Koci ya ga hanya ta ɗan buɗe.

Ba ta buɗe ba. Mai Aski ne ya gaji kofin, da surutunsa.

Sai aka ga mutum huɗu sun yi kaɗan, aka nemi na biyar. Koci ya kawo mijin autarsa, wani mai gyaran wutar lantarki, mutum mai kunya wanda ko tari ba ya yi a gaban surukinsa sai ya fita waje. Dattawan suna kiransa Ango, duk da cewa 'ya'yansa sun isa aike. Ba ya son ƙwallo, bai san ma yawan mutanen da ke buga ta ba. Ya zo ne don an ce ya zo. Tunda takwas a jingine take, aka ba shi bakwai, aka nuna masa bokiti.

A wasansa na farko ya zura wa surukinsa huɗu.

"Ku yi haƙuri, Baba," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Wallahi ba da niyya ba ne."

"Wasa ne," in ji Koci. "Jefa."

Ya jefa, ta sake shiga.

Babu abin da bawan Allahn nan bai yi ba don ya sha kashi. Ya jefa da hagu. Ya jefa ido rufe. Ya daina kaɗa gwangwanin, sai ya ɗan karkata shi kawai, kamar mai zuba wa mara lafiya ruwa. Bakwai dai ta riƙa bin sa. In ta fito, sai ya yi gumi ya nemi gafara, Mai Aski kuma ya ce, "Ango, ka ci 'yar mutum da aure, ka zo kana cin sa a fili. Me ya rage, shagon?"

Auta ta zo gida ta ce wa mahaifinta, "Baba, ko dai ku sallame shi daga wasan nan? Duk ranar da ya ci kofi ba ya iya cin abinci."

"Ki ce masa ya ci abincinsa," in ji Koci. "Yaron yana da hannu. Irin na marigayi ne. Ni na gano shi."

Haka aka yi ta tafiya har zamani ya juya wa shagon baya. Sikeli mai batir ya cika kasuwa, wanda in ya lalace ba a kawo shi gyara, shara ake kai shi. Idon Koci ma ya fara ganin allura biyu inda ɗaya take. Mai ginin ya zo da ladabi ya ce wani mai sayar da wayoyi yana son wurin. Babban ɗan Koci ya gyara musu ɗaki a can ɗaya gefen gari, inda sai an hau mota biyu kafin a zo layin. Kowa ya gane cewa gasar da za a shiga ita ce ta ƙarshe. Babu wanda ya faɗa. Tela dai ya wanke labulen ƙofar ba tare da an roƙe shi ba.

Koci ya so kofin nan. Ba ya son shiga sabon ɗaki, inda jikoki za su tambaye shi me ya sa ake ce masa Koci, da hannu wofi.

Wata safiya yana cikin ɗaure kaya, wata mai sayar da gari ta shigo da tsohon sikelinta a ka. Ta ce ta ji zai tashi, ya taimaka ya duba mata na ƙarshe. Ya goge, ya zuba mai, ya zo gwaji. Yana da duwatsun gwaji jeri biyu, na tagulla da na baƙin ƙarfe, kowane jeri daga kilo ɗaya zuwa shida. Rabinsu sun riga sun shiga buhu. Ya so ya gwada kilo bakwai, ya ɗauki ɗaya na tagulla, ya nemi shida na ƙarfe, bai gan shi ba. Bai damu ba. Ya ɗauki biyu da biyar. Ko da bai ga biyar ɗin ba, ga uku ga huɗu a gabansa. Allura ta tsaya daidai.

"Gwada min sha biyu, Baba," in ji matar. "A nan yake yi min gardama."

Ya ɗauki shida na tagulla. Ya duba bencin sama da ƙasa. Babu wani dutse da zai cika masa sha biyu sai ɗaya shidan, wanda ke can ƙasan buhu, an ɗaure bakinsa da igiya. Ya durƙusa ya fara kwance igiyar, sai hannunsa ya tsaya.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya," in ji shi. "Gwiwa ce."

Da ta tafi, ya ja ƙofar ta rufu rabi, ya zazzage buhun. Ya jera na tagulla a dama, na ƙarfe a hagu, ya fara haɗa su bibbiyu kamar mai haɗa aure. Kowane na dama zai iya tafiya da kowane na hagu, shida sau shida, hanya talatin da shida ke nan. A cikinsu bakwai tana da hanya shida. Takwas tana da biyar. Tara huɗu, goma uku, sha ɗaya biyu. Sha biyu kuwa hanya ɗaya tak gare ta, sai shida ya gamu da shida.

Ya daɗe a tsugune. Abin da ke jere a kan simintin nan shi ne tarihin majalisarsu daga sama har ƙasa, babu wanda ya tsallake wani. Ga basirar marigayi, hanya biyar. Ga hannun Ango, hanya shida. Ga wuyan hannun Direba. Ya waiwaya ya dubi gwangwanin fenti, inda korarrun 'yan gaba ke kwance, sai ya kawar da kai.

Sannan wani abu ya faɗo masa. Shekarun baya Tela ya taɓa zuwa da wata magana, wai wata gwaggonsa ta tabbatar masa cewa Mai Aski ya riga shi zuwa duniya, don haka ya kamata su yi musayar lamba. Mai Aski ya tashi tsaye ya rantse cewa lokacin da aka haife shi Tela har ya fara tafiya. Aka yi ta ja. Koci ne ya kashe maganar, yana mamakin tsofaffi biyu da kowanne ke ƙoƙarin zama ƙanin ɗan'uwansa, abin da bai taɓa gani ba a wurin rabon nama ko wurin zama. A lokacin ya ɗauka tawali'u ne.

Bai tambaye su ba. Akwai tambayar da in dattijo ya yi ta, amsar ba ta da wurin zama a ɗakin.

Ya yi kwanaki yana juya abin. In ya ce a sake doka, to sai ya faɗi dalili, dalilin kuma zai taɓa marigayi, ya taɓa shi kansa. In ya ce a ba shi bakwai kai tsaye, wannan roƙo ne, kuma babba ba ya roƙon bokiti. In ya tsaya a kan sha biyu, to zai goge kofin ya miƙa, ya hau mota. Kujera a hannu ɗaya, kofi a ɗaya, kuma ya fi kowa sanin ba a ɗora su a farantin sikeli guda.

Ranar buɗe gasa, bayan an zuba masa shayi, ya yi gyaran murya.

"Na yi tunani," in ji shi. "Mutum ba ya dawwama. Bai kamata babba ya riƙe girma har ya tafi da shi ba. Gara ya miƙa da hannunsa, yana gani. Yaron nan ya yi mana biyayya. Na ba shi sha biyu, da kujerar, da hukuncin. Ni zan karɓi 'yar bakwai ɗin nan in lallaɓa."

Fanka tana juyawa. Mai Aski ya dubi Tela, Tela ya dubi zaren da ke hannun rigarsa.

"Baba, ku rufa min asiri," in ji Ango. "Ina ni ina kujerarku?"

"Tashi."

Ya tashi. Ya zauna a bakin kujerar da rabin jiki, kamar an ce masa akwai wuta a jikinta. Koci ya sauka kan bokiti, gwiwoyinsa suka yi ƙara, wannan karon da gaskiyarsu.

Tawali'u abu ne mai yaɗuwa. Kafin shayi ya huce Direba ya ce maganar Yaya ta ratsa shi, shi ma yana so ya girmama ƙaninsa Mai Aski da sha ɗaya.

"Ban kai ba," in ji Mai Aski. "Ni wa? Mai share gashin mutane?"

"Ka kai. Kai ne mai taɓa kan manya."

"Yaya, riƙe abarka. Ta yi maka kyau."

Tela ya ce in sha ɗaya ta yi nauyi, ga goma, ba ta da nauyi sosai. Mai Aski ya ce shi tun yana yaro aka hore shi da kada ya haura inda aka ajiye shi. Ba a taɓa jin mutane uku suna yabon juna da irin wannan zafi ba. Sai da aka juya ga mai kujera, ya ce kowa ya zauna yadda yake.

Aka shiga gasa. Koci ya dawo da tsofaffin 'yan gaba biyu daga gwangwanin fenti, ya goge su da gefen riga, bai ce musu komai ba. Ya doke Direba. Ya doke Tela. Ya doke Ango, wanda aka ga yana murmushi a karon farko tun shigarsa majalisar. Sau biyu ɗan wasa ya gangara ƙarƙashin benci, Ango ya zabura, Koci ya ɗaga masa hannu, ya rarrafa da kansa. Doka doka ce.

Wasan ƙarshe ya kasance tsakaninsa da Mai Aski, da yammacin ranar da ta rage masa a shagon. Kaya duk an ɗaure, sai benci da katako da kujera da bokiti. Aka murɗa agogon tebur mai ƙararrawa, wanda shi ke tashin wasa.

Mai Aski ya fara ci. Koci ya rama, fari uku ja huɗu, ya ji zuciyarsa ta buga kamar ta saurayi. Daga nan bakwai ta yi ɓatan dabo. Ya isa bakin raga, biyar ta fito. Ya sake isa, takwas ta fito, Direba ya ce Allah ya jiƙan mai ita. Koci ya san lissafin yanzu, kuma sanin bai sanyaya masa rai ba. Hanya shida cikin talatin da shida tana nufin akwai talatin da ba naka ba. Da can yana da wanda zai kora. Yanzu babu.

"Yaya, bokitin ne bai karɓe ka ba," in ji Mai Aski. "Sai an saba."

"Jefa, kana cinye lokaci."

Tara ma ta ƙi fitowa. Allurar agogo ta matso. Koci ya kai ƙwallo bakin raga, kowa ya san ita ce ta ƙarshe. Ya zuba fari da ja a gwangwani, ya kaɗa, ba kaɗin maganin tari ba, ya zubar. Farin ya tsaya nan take. Jan ya gangara ya bugi ƙafar raga ya kwanta.

Shida da shida.

Agogo ya kama ƙara, babu wanda ya miƙa hannu ya kashe shi har ya gaji don kansa. Koci ya zuba wa ɗigon nan sha biyu ido, kamar mutumin da baƙon da ya daɗe yana jira ya iso ranar da ya sayar da gidan.

"To," in ji Mai Aski a hankali. "Gola ya kama. Sai a ƙara lokaci."

"A tambayi mai kujera," in ji Direba.

Duk suka juya. Ango ya share gumi. Ya dubi surukinsa a kan bokiti, ya dubi kayan da aka ɗaure.

"Kawu," ya ce wa Mai Aski, "sha biyu ta wace ce yanzu?"

"Taka ce."

"Wa ya ba ni?"

"Wannan kuma kowa ya gani."

"To wanda ya ba ni ita, shi ya ba ni matar da ke gidana. Ban taɓa jin kunyar shiga gidansa in ci abinci ba. In ya zo wucewa ya tarar da lambata a hanya ya yi amfani da ita, ni ban ga ɗan da zai ce ba a tambaye shi ba. Ta shiga."

"Ango, wace doka ce wannan?"

"Ta kujera ce, Kawu."

Mai Aski ya juya ga Koci. "Yaya, kai ka san awo. Kai ka faɗa."

Koci ya san awo. Ya ga allurar, kuma ko da idonsa na yanzu ya ga inda ta jingina. Mahauta sun roƙe shi abin da bai kai wannan ba, ya nuna musu ƙofa. Ya dubi kofin a kan benci, hannunsa ɗaya a karkace, yana sheƙin gugar da shi ya yi masa da safe. Ya dubi Mai Aski, sai ya ga kamar bakin mutumin ne kawai ke gardama, hannunsa kuwa ya riga ya fara tattara 'yan wasansa.

"Maganar mai kujera ita ce ta ƙarshe," in ji Koci. "Ba yau aka kafa ta ba."

Ango ya tashi da sauri irin na wanda aka sake daga ɗauri, ya miƙa kofin da hannu biyu yana durƙuso, ya koma kan bokitinsa kafin kowa ya ce masa. Koci ya zauna a kujerarsa, fanka ta same shi.

"Na sha gaya muku," in ji shi, kofin a cinyarsa. "Babbar lamba ba ta gaggawa. Amma dubi ranar da ta zaɓa ta zo."

Direba ya ce gaskiya ne, kuma ya lura da wuyan hannun. Tela ya ce tsarin 'yan gaba ne. Mai Aski ya ce shi dai an yi masa fashi da rana tsaka a gaban shaidu, sannan ya zuba wa Koci shayi, shi ya fara zuba wa.

Yanzu Koci yana can gefen gari, a ɗaki mai taga ɗaya. Ya tafi da ƙaramin sikelin masu zinariya, da wani babba guda da ya kasa rabuwa da shi. Hannu ba ya manta aiki, don haka duk abin da ya shigo gidan sai ya hau faranti: sukari, sabulu, takalman jikoki, har jaririn da aka haifa bara. Katakon yana jingine bayan ƙofa. In jikoki suka nemi a buga, yakan bar su su zaɓi lamba, su yi ta rububin sha biyu, shi kuma ya ce tunda shi tsoho ne, a ba shi ko bakwai ce.

Kofin yana kan kanta, sama da rediyo, ana goge shi duk mako. Matarsa ta lura cewa a duk kayan ɗakin shi kaɗai ne bai taɓa hawa sikeli ba. Ta taɓa tambayarsa nauyinsa nawa. Ya ce bai duba ba, ido ba ya gani sosai yanzu.